Hawan Sarauniya Alizabet ta Farko Gadon Sarautar Ingila da Matsalolin Farkon Mulkinta

Gabatarwa

In aka ambaci Sarauniya Alizabet ta Farko, abin da yakan fara zuwa zuciyar ɗalibin tarihi shi ne ƙarshen labari, wato mulkin shekara 44, da karya rundunar jiragen yaƙin Sifen a 1588, da bunƙasar adabi a birnin Landan. Sanin ƙarshen labari kuwa yana da illarsa, domin yakan sa mai nazari ya ɗauka tun farko an san inda za a kwana. A cikin wannan takarda muna so mu ajiye abin da ya biyo baya a gefe guda, mu dubi al'amarin kamar yadda mutanen 1558 suka gan shi, lokacin da wata mace mai shekara 25, wadda ba ta da miji, ba ta da ɗa, kuma dokar ƙasarta ba ta ɗauke ta 'yar halas ba, ta gaji ƙasa mai bashi da yaƙi da rikicin addini. Ra'ayinmu shi ne, matsalolin da ta taras ba a warwatse suke ba. Asalinta da addinin ƙasa da maganar aurenta igiya ɗaya ce ta ɗaure su, duk wanda ta ja sai sauran su motsa.

Kafin mu ci gaba ya kamata mu daidaita wata kalma. A Hausa "sarauniya" tana iya ɗaukar ma'anar matar sarki, tana kuma iya ɗaukar ma'anar macen da ke riƙe da sarauta da kanta. A nan ma'ana ta biyu muke nufi. Bambancin yana da muhimmanci, don kafin 1553 Ingila ba ta taɓa naɗa mace mai mulki da kanta ba. A ƙarni na 12 Matilda, 'yar Sarki Henri na Farko, ta nemi gadon ubanta, abin ya ƙare da yaƙin basasa, ba a kuwa taɓa sa mata kambi ba.

Asali da ƙuruciya

An haifi Alizabet a Greenwich ranar 7 ga Satumba, 1533. Ubanta Sarki Henri na Takwas ne, na gidan sarautar Tudor, uwarta kuwa Anne Boleyn. Don ya auri Anne ne Henri ya nemi Fafaroma ya warware aurensa da matarsa ta fari, Katarina ta Aragon, wadda ta haifa masa 'ya mace, Meri, amma ba ta bar masa ɗa namiji ba. Da Fafaroma ya ƙi, sai Henri ya raba cocin Ingila da Roma, Majalisar Dokoki kuma ta tabbatar da shi shugaban cocin a 1534. Ke nan a idon duk wani ɗan Katolika na Turai auren Anne ba aure ba ne, tun da Katarina tana raye aka ɗaura shi, abin da aka haifa a cikinsa kuma ba ya gado.

Abin mamaki, Henri da kansa ya zo ya ƙarfafa wannan hujja. Ranar 19 ga Mayu, 1536, aka sare kan Anne bisa tuhumar zina da cin amanar sarki, tuhumar da akasarin masana tarihi suke ganin ƙage ce. Aka soke auren, aka kuma yi doka a wannan shekara wadda ta cire Alizabet daga layin gado, alhali ba ta cika shekara uku ba. A 1544 wata dokar ta maido da ita da yayarta Meri cikin layi, bayan ƙanensu Edwad, amma ba ta ce su 'ya'yan halas ne ba. Wato haƙƙin Alizabet ga sarauta ya dogara ne a kan dokar Majalisa da wasiyyar ubanta. Wanda bai yarda Majalisa tana da ikon juya gado ba, shi kam yana da wata 'yar takarar, ita ce Meri Stuart, sarauniyar Sikotlan, jikar Margaret yayar Henri, wadda babu mai shakkar asalinta.

Ta sami ilimi irin wanda ba kasafai ake ba mata ba a zamanin. Malamanta, irin su William Grindal da Roger Ascham, 'yan Jami'ar Kambirij ne masu ra'ayin Furotesta, ta kuwa iya Latin da Girkanci da Faransanci da Italiyanci. Amma darasin da ya fi yi mata amfani ba a aji ta koye shi ba. Bayan mutuwar Henri a Janairu 1547 ta zauna a gidan Katarina Parr, matarsa ta ƙarshe, wadda ta auri Thomas Seymour, kawun sabon sarki Edwad na Shida. Seymour ya riƙa yi wa yarinyar wasan da bai dace ba, har aka ɗauke ta daga gidan, bayan rasuwar matarsa a 1548 kuma ya shiga ƙulle-ƙullen aurenta. Bisa wasiyyar Henri, in ta yi aure ba da yardar majalisar mashawarta ba, ta rasa gado. Aka kama Seymour a Janairu 1549, aka tsare masu yi mata hidima, aka aiko Robert Tyrwhitt ya yi ta yi mata tambayoyi a Hatfield kwana da kwanaki. Tana 'yar shekara 15, amma bai sami kalma ɗaya da za a kama ta da ita ba. A watan Maris aka kashe Seymour.

Zamanin Meri

Edwad ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1553, yana da shekara 15. Kafin ya cika, shi da John Dudley, Duke na Northumberland, sun shirya a tsallake yayyensa mata biyu a ba Jane Grey sarauta, don kada ƙasa ta koma hannun 'yar Katolika. Shirin bai wuce kwana tara ba ya rushe, domin jama'a, har da 'yan Furotesta da yawa, sun bi dokar 1544 sun mara wa Meri baya. Wannan abu ya amfani Alizabet ta hanyar da ba a cika lura da ita ba: dokar da ta ɗora Meri ita ce dai ta sa Alizabet a bayanta, kuma mutane sun riga sun nuna ba za su yarda a yi wasa da ita ba. Haka nan dokar da Majalisa ta yi a 1554, wadda ta ce ikon sarauniya daidai yake da na sarki namiji, don Meri aka yi ta, amma ƙanwarta ce ta fi cin moriyarta.

Zaman 'yan'uwan biyu bai daɗe da daɗi ba. Meri ta maido da addinin Katolika, ta kuma ƙudura auren Filib, ɗan Sarkin Sifen. A farkon 1554 Thomas Wyatt ya ta da tawaye a Kent don hana auren, ya kai har ƙofar Landan kafin a murƙushe shi. Kowa ya san wadda 'yan tawayen suke so su ɗora. Ranar 18 ga Maris, 1554, aka kai Alizabet Hasumiyar Landan, kurkukun da aka kashe uwarta a ciki, kuma wata guda kafin nan a can aka sare Jane Grey. Jakadan Sarkin Sifen, Simon Renard, ya dage cewa Meri ba za ta zauna lafiya ba muddin ƙanwarta tana numfashi. Abin da ya cece ta shi ne rashin shaida a rubuce, da kuma cewa Wyatt, a gaban mai sara, ya wanke ta a bainar jama'a. Bayan wata biyu aka fitar da ita zuwa Woodstock, inda ta yi kusan shekara guda a tsare a hannun Henry Bedingfeld.

A nan akwai wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ya zama garkuwarta daga 1555 shi ne Filib, mutumin da daga baya zai zama babban abokin gabanta. Ba ƙauna ce ta kawo haka ba, lissafi ne. Cikin da aka ce Meri tana da shi a 1555 ya zama ba ciki ba ne, Filib kuwa ya gane da wuya ta haihu. In an kawar da Alizabet, sarauta za ta faɗa hannun Meri Stuart, wadda take zaune a fadar Faransa, an kuma yi mata baiko da magajin sarkin ƙasar. Gara masa 'yar Furotesta a Landan da a ce Ingila da Sikotlan da Faransa sun haɗu a hannu ɗaya, su datse hanyar teku tsakanin Sifen da ƙasashensa na Nedalan. Ita kuwa Alizabet ta riƙa halartar ibadar Katolika, ta kame bakinta, ta ciki na ciki, a lokacin da aka ƙone mutum kusan 300 saboda aƙida tsakanin 1555 da 1558, cikinsu har da Thomas Cranmer, wanda ya tabbatar da auren uwarta.

Ranar 6 ga Nuwamba, 1558, Meri, tana kan gadon ajali, ta amince ƙanwarta ce magajiyarta. Ta rasu ranar 17 ga wata, kuma a ranar Kadinal Pole, shugaban cocin Ingila, shi ma ya rasu. Ba a harba ko kibiya ba. Kwana uku bayan haka Alizabet ta rantsar da William Cecil a matsayin Babban Sakatare. Cecil ya taɓa riƙe wannan muƙami a zamanin Edwad, kuma tun 1550 yake kula da filayenta, zai kuwa ci gaba da yi mata aiki har mutuwarsa a 1598. Ta rage majalisar mashawarta daga mutum kusan 40 zuwa kimanin 20, amma ba ta yi shara ba, ta bar manyan masu ƙasa da ƙwararru daga cikin mutanen Meri, irin su William Paulet, tsohon Ma'aji.

Maganar addini

Wannan ita ce matsalar da ba ta jira. In Alizabet ta ci gaba da bin Roma, to ta miƙa hukuncin asalinta ga kotun da ta riga ta ce auren uwarta ɓatacce ne. In kuwa ta fita, ta ba Faransa hujjar ɗaga tutar Meri Stuart, tana iya kuma rasa Filib, alhali ana cikin tattaunawar sulhu. Gaba kura, baya siyaki. Ga shi kuma akasarin mutanen karkara, musamman na arewa da yamma, zuciyarsu tana tare da tsohon addini, 'yan Furotesta kuwa sun fi yawa a Landan da kudu maso gabas da cikin masu ilimi, waɗanda suka gudu Jamus da Suwizalan a zamanin Meri kuma sun fara dawowa da zafinsu.

Alamu sun fara bayyana tun kafin Majalisa ta zauna. Ranar Kirsimeti ta 1558 ta hana bishof ɗaga gurasar ibada sama kamar yadda 'yan Katolika suke yi, da ya ƙi ji sai ta tashi ta fita. Da lokacin naɗi ya zo, ranar 15 ga Janairu, 1559, manyan bishof-bishof suka noƙe, sai Owen Oglethorpe na Carlisle, wanda ba ya cikin na gaba-gaba, shi ya sa mata kambi.

Majalisa ta buɗe ranar 25 ga Janairu. Ƙudurin farko da gwamnati ta kawo ya wuce a Majalisar Wakilai, amma Majalisar Dattawa, inda bishof-bishof suke zaune tare da manyan masu sarauta, ta yi masa kaca-kaca. Maimakon a sallami Majalisa kafin Ista, sai aka ɗage zama, aka shirya muhawara a Westminster tsakanin malaman ɓangarorin biyu. Muhawarar ta watse, aka kama bishof biyu, White na Winchester da Watson na Lincoln, aka kai su Hasumiya bisa laifin rashin biyayya. Da aka dawo sai aka raba ƙudurin gida biyu. Na farko ya maido da ikon sarauta a kan coci, sai dai an canza laƙabin da Henri ya ɗauka na "shugaban" coci zuwa "mai kula" da shi, don a kwantar da hankalin waɗanda ba su yarda mace ta shugabanci coci ba, waɗanda kuwa akwai su a kowane ɓangare. Na biyu ya wajabta littafin addu'a guda cikin Ingilishi, ya kuma sa tarar kwabo 12, wato sule guda, ga wanda ya ƙi zuwa coci ranar Lahadi. Wannan na biyu ya wuce a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 21 a kan 18. Mai karatu ya tuna da bishof biyu da ke tsare, ya kuma tuna cewa kujerun bishof da dama babu kowa a kansu saboda mace-macen annobar mura ta 1557 zuwa 1559, zai ga irin siririn zaren da addinin Ingila ya rataya a kansa.

Littafin addu'ar ya ginu ne a kan na 1552, na zamanin Edwad, wanda Furotesta ne zalla, amma an sassauta shi. An cire addu'ar neman tsari daga Fafaroma. Wajen miƙa gurasa da ruwan inabi kuma an haɗa lafazin littafin 1549 da na 1552, ta yadda wanda ya gaskata jikin Almasihu yana cikin gurasar da wanda ya ɗauke ta abin tunawa kawai, kowa zai ji abin da yake so ya ji.

Masana sun yi saɓani kan wanda ya tsara wannan matsaya. J. E. Neale, a rubuce-rubucensa na shekarun 1950, ya ce sarauniya so ta yi ta tsaya a kan irin tsarin ubanta, wasu 'yan Furotesta masu zafi a Majalisar Wakilai ne suka tura ta gaba. A 1982 Norman Jones ya bi bayanan zaman Majalisar ya nuna cewa waɗanda suka dawo daga gudun hijira ba su da yawan da za su yi haka, kuma gwamnati tun farko tsarin Furotesta take so, turjiyar daga 'yan Katolika na Majalisar Dattawa ta fito. Mu mun fi karkata ga ra'ayi na biyu, ko don dubin mutanen da ta zaɓa. Wadda take son tsarin ubanta ba za ta ɗauko Cecil da surukinsa Nicholas Bacon ba, ba kuma za ta ba Matthew Parker, limamin uwarta, kujerar Kantabari ba. Amma fa kada a wuce gona da iri. Ta ajiye gicciye da kyandir a ɗakin ibadarta, tana ƙyamar auren limaman coci, kuma da aka kafa tsarin 1559 ta ƙi yarda a ƙara ko taku ɗaya, abin da ya zama tushen jayayyarta da masu neman ƙarin gyara har ƙarshen mulkinta. Bishof-bishof na zamanin Meri kusan dukansu sun ƙi rantsuwa, aka tuɓe su, wanda ya yi fice wajen amincewa shi ne Anthony Kitchin na Llandaff. Ba a ƙone ko ɗaya ba. Ƙananan limamai kuwa, mafi yawansu sun zauna a inda suke.

Game da asalinta, Majalisar 1559 ta yi gajeriyar doka ta amince ita ce sarauniya ta halas, aka tsaya nan. Meri a 1553 ta sa an tabbatar da auren uwarta da doka. Alizabet ba ta tono wannan kabari ba.

Faransa, Sikotlan da baitulmali

Ta gaji yaƙi da Faransa, wanda Meri ta shiga don taimakon mijinta, aka kuma rasa garin Calais a Janairu 1558, bayan ya yi sama da shekara 200 a hannun Ingila. A sulhun Cateau-Cambrésis na Afrilu 1559 aka ce Faransa ta riƙe garin shekara takwas, sa'an nan ta maido ko ta biya kuɗin zinariya 500,000. Kowa ya san rufin asiri ne kawai. A watan Yuli Sarkin Faransa Henri na Biyu ya mutu sakamakon raunin da ya samu a wasan sukuwa da masu, ɗansa Faransuwa na Biyu ya hau, Meri Stuart ta zama matar sarkin Faransa, tana kuma amfani da tambarin sarautar Ingila a fili. A Sikotlan uwarta, Meri ta Guise, ke riƙon ƙwarya da sojojin Faransa.

Da manyan 'yan Furotesta na Sikotlan suka yi tawaye a 1559 suka nemi taimako, Alizabet ta yi ta jan ƙafa. Ba ta son kashe kuɗi, ba ta son taimakon masu tawaye ga sarauniyarsu, ga shi kuma jagoransu na addini, John Knox, ya wallafa littafi a 1558 yana cewa mulkin mace saɓa wa tsarin Allah ne. Da su Meri yake, amma Alizabet ba ta taɓa yafe masa ba. Sai da Cecil ya nemi a sauke masa nauyin wannan aiki kafin ta amince. Jiragen yaƙi suka isa a Janairu 1560, sojan ƙasa suka kewaye Leith, harin da suka kai a Mayu ya ci tura. Mutuwar Meri ta Guise a Yuni da rikicin cikin gida na Faransa su suka kawo yarjejeniyar Edinbara ta Yuli 1560, wadda ta fitar da sojojin Faransa. Meri Stuart ba ta taɓa sa hannu a kanta ba, amma ƙofar baya ta rufu. Wannan nasara ta sa aka sake gwadawa a 1562, aka aika soja Le Havre don taimakon 'yan Furotesta na Faransa, da fatan a yi musanyar garin da Calais. Faransawan suka shirya tsakaninsu, suka haɗu suka kori baƙi a Yuli 1563, sojan da suka tsira kuma suka kawo annoba Landan, ta kashe dubban mutane. Sulhun Troyes na 1564 ya rufe maganar Calais, sarauniya kuwa ta yi shekara kusan 20 ba ta sake aika runduna irin wannan ƙetare ba.

Bashin da ta taras ya haura fam 200,000, kusan rabinsa na 'yan kasuwar Antwerp ne masu karɓar kuɗin ruwa mai tsada. Kuɗin ƙasa kuma ya lalace, domin daga 1544 zuwa 1551 an riƙa gauraya azurfa da tagulla a gidan buga kuɗi. Tsakanin 1560 da 1561 aka janye gurɓatattun aka buga sababbi, gwamnati ta fita har da riba, Thomas Gresham kuma ya gyara sunan Ingila a kasuwar Antwerp. Adalci ne a ce wani ɓangare na wannan aiki mutanen Meri ne suka share fagensa, musamman sabon jadawalin kuɗin fito na 1558. Mu da muke karanta wannan tarihi daga Afirka ta Yamma kuwa bai kamata mu wuce ba tare da ambaton wata hanyar neman kuɗin ba. A 1562 John Hawkins ya kwashi mutane kimanin 300 daga gaɓar Saliyo ya sayar da su bayi a tsibiran Karibiyan, a tafiyarsa ta 1564 kuma sarauniya da kanta ta ba da jirginta a matsayin hannun jari.

Aure da magaji

Babu wanda ya zaci za ta zauna ba aure. A tunanin zamanin, aure ne zai ba ƙasa magaji, ya kuma ba sarauniya namijin da zai ɗauke mata nauyi. Tun Fabrairu 1559 Majalisar Wakilai ta roƙe ta, ta amsa da cewa ba ta ƙi ba in Allah ya nufa, amma ita zaman da take yi ya ishe ta. Masu nema suka yi layi: Filib da kansa, da Erik na Suwidin, da Charles na gidan Habsburg na Ostiriya. Kowane yana da aibinsa. Baƙo zai ja ƙasa cikin yaƙinsa kamar yadda aka gani a kan Calais, in ɗan Katolika ne kuma tsarin 1559 ya shiga haɗari. Ɗan gida kuwa zai ta da hassadar sauran manya.

Wanda zuciyarta take so ɗan gida ne, Robert Dudley, ɗan Northumberland ɗin nan da aka kashe saboda Jane Grey. Ta ba shi kula da dawakinta, kwatankwacin Shamaki a fadar sarakunanmu, muƙamin da ya sa kullum yana gefenta. Sai dai yana da mata. Ranar 8 ga Satumba, 1560, aka tsinci gawar matar, Amy Robsart, a gindin matakala a Cumnor, wuyanta a karye. Masu bincike suka yanke cewa haɗari ne, rahotonsu ma an gano shi a taskar tarihi ta Birtaniya a 2008, amma bakin duniya bai yarda ba. Da ta aure shi, da an ce sarauniya ta kashe kishiya. Mutuwar da ta buɗe hanyar auren ita ce ta toshe ta. A ganinmu a nan ne Alizabet ta yi zaɓin da ya fi kowane tsada a gare ta, kuma in aka dubi abin da ya sami Meri Stuart a 1567, lokacin da ta auri Bothwell, wanda ake zargi da kashe mijinta, ta kuwa rasa sarauta cikin 'yan watanni, za a ga abin da ta kauce wa.

Akan yaba wa Alizabet da cewa jinkirinta dabara ce. Akwai gaskiya a ciki, domin muddin ana zawarcinta, Sifen da Ostiriya ba za su yarda Fafaroma ya yi mata hukunci ba, ba a kuwa kore ta daga cocin Roma ba sai 1570. Amma dabarar caca ce da ran mutum ɗaya. A Oktoba 1562 agana ta kama ta a Hampton Court, har aka fid da rai. Mashawartanta suka taru suka kasa daidaitawa. Wasu suna son Katarina Grey, ƙanwar Jane, wadda wasiyyar Henri ta fifita, amma tana tsare a Hasumiya saboda auren ɓoye da ta yi. Wasu suna son Henry Hastings na Huntingdon. Bisa rahoton jakadan Sifen, da sarauniya ta farfaɗo sai ta nemi a naɗa Dudley mai riƙon ƙasa da albashin fam 20,000 a shekara, abin da ba shakka da ya jawo yaƙi. Da ta mutu a wannan mako, da tarihi ya tuna da ita a matsayin wadda ta yi shekara huɗu ta bar ƙasa ba magaji.

Tsoron nan ne ya sa Majalisar 1563 ta matsa mata, har Cecil ya tsara wani ƙuduri wanda zai ba majalisar mashawarta ikon riƙe ƙasa in sarauniya ta mutu, sai Majalisar Dokoki ta zaɓi magaji. Ƙudurin bai zama doka ba, amma irinsa ne ya sa Patrick Collinson a 1987 ya siffanta Ingilar Alizabet da jamhuriya mai sarauta a kanta. Dalilinta na ƙin ambaton magaji ta riga ta faɗa wa jakadan Sikotlan, William Maitland, a 1561. Ta ce ta san halin mutanenta, sun fi kallon rana mai fitowa a kan mai faɗuwa, ta kuwa gani da idonta a zamanin yayarta, lokacin da ita ce kowane mai ƙulli yake fakewa da sunanta, don haka ambaton magaji tamkar shimfiɗa likkafaninta ne a gabanta. A 1566 Majalisar Wakilai ta riƙe ƙudurin haraji don ta tilasta mata. Ta hana muhawarar, Paul Wentworth ya tashi ya tambaya ko wannan hani bai taɓa 'yancin Majalisa ba, sai ta janye hanin, ta yafe kashi ɗaya cikin uku na harajin, ta yi alkawarin aure, ta sallame su a Janairu 1567 ba tare da ta ambaci sunan kowa ba.

Haka maganar ta zauna har ta rasu ranar 24 ga Maris, 1603. Wanda ya gaje ta shi ne James na Shida na Sikotlan, ɗan Meri Stuart, daga zuriyar da wasiyyar Henri ta tsallake, wanda ya shirya hawansa a asirce kuwa Robert Cecil ne, ɗan William.